Ɗan Hutu, Na'urar da Na Saya wa Baba

A gidanmu akwai wata cuta da ba ta cikin littafin likitoci. Sunanta "bari dai a gani". Famfon banɗaki ya fara ɗiga, bari dai a gani. Ƙofar kicin ta saki ƙusa, bari dai a gani. Haƙorin Gwaggo ya yi ramin da tsinken sakace ke ɓacewa a ciki, bari dai a gani. Har yau ba wanda ya faɗa mini abin da ake jiran a gani. Ina koyar da lissafi a sakandare, kullum ina gaya wa ɗalibai cewa tambayar da ba ka taɓa ba ba za ta amsa kanta ba, sannan in dawo gida in tarar da manya biyu sun zuba wa bokiti ido yana cika a ƙarƙashin famfo, kamar masu kallon talabijin.

Famfon ni na gyara shi. Ƙofar ma haka. Wanda ya gagare ni shi ne Baba.

Baba tsohon ma'aikacin hukumar ruwa ne, mai karanta mita, shi ya sa duk layinmu Mai Mita ake ce masa ko da yake ya daɗe da ajiye aiki. Mahaifiyarmu ta rasu ina firamare. Yayarsa, Gwaggo, ta dawo gidan ta riƙe mu har yayyena suka yi aure suka watse, ya rage mu uku: Baba, Gwaggo, da ni Auta. A bene muke, kuma tagar falonmu tana kallon titi. Tsallaken titin akwai wani ɗan shago mai koriyar ƙofa inda ake yin kwafin takardu. Mai shagon dattijuwa ce, mijinta ya rasu tuntuni, tana rataye tabarau a wuya da igiya, tana da wata ƙatuwar na'ura mai gurnani kamar tsohuwar mota. Mai Kwafi kowa ke kiranta.

Tun da Baba ya yi ritaya, ba mako da zai wuce bai tsallaka titin nan sau biyu ko uku ba. Zai yi wanka, ya fesa turare, ya gyara zaman hula a gaban madubi, sannan ya fara zagaye falo yana neman abin da zai kai. Katinsa na ritaya an yi masa kwafi har hoton da ke jiki ya fara gajiya. Takardar shaidar gama firamare ta yayana, wanda yanzu yake da furfura, ta sha tsallaka titi. Ya kai takardar bayanin rediyo, rediyon da ya mutu tun ina goyo. Ya taɓa yage shafin kalanda ya kai.

Wata rana na bi shi, na tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran mota, don in ji abin da ake faɗa a ciki.

"Sannu da aiki, Mai shago."

"Yauwa, Mai Mita. Nawa za a yi?"

"Biyu."

"Gaba da baya?"

"Gaba kawai."

Na'ura ta yi gurnani, ta tofo takarda. Ya karɓa, ya duba kamar bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya ce, "Ya fito tas." Ta ce, "Ai kullum yana fitowa." Shi ke nan. Ya dawo gida yana murmushi shi kaɗai, ya ci abincin rana har da ƙari.

Na samu Gwaggo a kicin na ce, "Gwaggo, shekara nawa za a yi ana wannan wasan kwaikwayo?"

"Wane wasa kuma, Lauya?" Haka take kirana idan na fara.

"Baba yana son matar nan. Kin sani, na sani, mai gyaran taya ya sani. Kuliyar maƙwabta ma ta sani. Shi kaɗai ne bai faɗa ba."

"To ina ruwanki? Sannu ba ta hana zuwa."

"Ƙarasa karin maganar mana. Sai dai a daɗe ba a je ba."

"Mai haƙuri yakan dafa dutse."

"Gwaggo, tsakaninki da Allah, kin taɓa ganin wanda ya sha romon dutse?"

Ta ɗaga ludayi, na fita.

Da abin ya tsaya a haka, da na bar su da kalandarsu. Amma wata ranar Gwaggo ta dawo daga shagon da labari. Ɗan Mai Kwafi, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya matsa mata ta rufe shagon ta koma wurinsa. Ya ce ciniki ya ja baya, kowa na ɗaukar takardarsa da waya, ga ciwon gwiwa, ga zaman kaɗaici. Ita kuma ta ce wa Gwaggo tana tunani, don babu abin da ya riƙe ta a layin nan sai tsohuwar na'ura.

"Babu abin da ya riƙe ta," na maimaita a gaban Baba, da ƙarfi, yadda ko kurma zai ji. "Baba, ka ji? Za ta tafi."

Ya sauke jarida kaɗan, ya dubi tagar, ya mai da jaridar. "Bari dai a gani."

Da la'asar ya yi wanka, ya ɗauki takardar bayanin rediyo, ya tsallaka. Biyu. Gaba kawai.

A ranar na zauna na yi lissafin abin kamar yadda nake yi a kan allo. Mutum yana zuwa wurin mace, yana gaishe ta, yana ganinta, hankalinsa ya kwanta, ya dawo. Takarda ce ke ba shi wannan duka a sauƙaƙe, ba tare da ya buɗe baki ba. Idan aka cire takardar, me ya rage? Shi da bakinsa. Dole ya tafi hannu rabbana, kuma wanda ya shiga shagon kwafi ba takarda, za a tambaye shi abin da ya kawo shi.

Washegari daga makaranta na wuce kantin kayan ofis. Mai kantin ya nuna mini wata 'yar na'urar kwafi ta ɗauka a hannu, girmanta bai wuce akwatin takalmi da aka danne ba. Tana da marfi da gilashi a ƙarƙashinsa, da mariƙi kamar jakar likita, da batir da ake caji. Ya ce, "Malama, in faɗa miki gaskiya tun yanzu. Wannan ta gida ce, ta jefi-jefi. Idan kika jera mata shafi biyar ko shida za ta kunna jar fitila ta huta. Kada ki matsa mata. Idan ta huce za ta yi ƙara ta kunna kore." Na ce ai gidanmu ta dace, can ma kowa hutawa yake.

Na ajiye ta a teburin falo bayan an ci abinci, na buɗe kwalin a gabansu.

"Baba, ga tsarabarka. Na ga kana wahalar tsallaka titi, ga motoci, ga rana. Daga yau an huta."

Na ɗauki katinsa na ritaya, na kifa a kan gilashin, na rufe marfi, na danna. Ta yi ɗan tsaki, ta zaro takarda a hankali. Ga Baba nan, tas.

Baba ya dubi takardar. Ya dubi na'urar. Ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi irin wannan tsawo ba.

"Allah ya yi miki albarka," in ji shi, da irin muryar da ake cewa Allah ya isa.

Gwaggo ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Daga nan yaƙi ya fara. Baba bai taɓa karanta takardar bayanin wani abu da ya mallaka ba, sai dai ya kai a yi mata kwafi, amma ta wannan na'ura ya zauna ya karance ta da tabarau. Da ya kai inda aka ce ba a jera mata aiki, sai na ga idonsa ya yi haske. Ranar Asabar da safe ya kwaso duk takardun gidan, ya tula a tebur, ya naɗe hannun riga.

Ɗaya. Biyu. Yana dannawa yana waƙa ƙasa-ƙasa. Can sai fitila ta koma ja, na'ura ta yi ɗif.

"To fa!" Ya miƙe tsaye. "Ta mutu. Auta, kin gani? Kayan zamani ba ƙarko. Ga shi kuwa ina da takarda mai muhimmanci."

Ya shiga ɗaki. Na ji fesa turare. Ya fito da hula a kai, takardar rediyo a hammata, ya sa takalmi ƙafa ɗaya. Yana cikin neman ɗayan sai na'urar ta ce ƙit, ta kunna kore.

Ya tsaya da takalmi ɗaya yana kallonta.

"Ta farfaɗo, Baba," na ce.

"Na gani. Ba makaho ba ne ni."

Gwaggo ce ta raɗa mata suna a ranar. Ta ce, "Wannan ai ɗan hutu ne. Ya yi aikin minti kaɗan ya nemi inuwa, kamar mijina marigayi." Sunan ya bi ta, har ta zama namiji a bakin kowa.

Baba bai karaya ba. Ya ɗora wa Ɗan Hutu mataji, ya fito da hoton mataji. Ya ɗora masa makullai, ya fito da makullai. Ya kifa masa faranti. Ya ce Gwaggo ta ɗora tafin hannunta, ta ɗora, aka fito da hannu baƙi ƙirin mai zobe, ta ɗauka ta manna a ƙofar firiji ta ce duk mai satar madara ya san akwai mari. Duk abin da aka ba Ɗan Hutu sai ya yi, ya gaji, ya kunna ja, ya huce, ya ce ƙit. Baba yakan zauna a gabansa da hula a kan gwiwa yana jiran wannan jan ya zama na ƙarshe. Bai taɓa zama ba.

Sai wayar caji ta ɓata. Na neme ta har ƙarƙashin gado, daga baya na same ta a cikin tsohon takalmin ruwan Baba na aiki, an cusa safa a kai.

"Ɓera ne," in ji Baba.

"Ɓera mai hankali. Har ya naɗe ta da kyau."

Sai Baba ya zo da wata dabarar. "Auta, farar takarda ta kusa ƙarewa. Bari in tsallaka in karɓo 'yan ƙwarori."

Na shiga ɗakina na fito da ƙunshi guda cur, na dire a gabansa. Teburin ya girgiza.

Na toshe kowace kafa. Na koma gefe ina jiran amsar lissafina ta fito. Yau zai tafi, gobe zai tafi.

Bai tafi ba.

Abin da ban sa a lissafi ba ke nan, kuma har yanzu idan na tuna raina yana ɓaci. Mutumin da ya yi shekaru yana shiga gidajen da bai sani ba, yana ture karnuka da kwandon shara don ya karanta mita, ya kasa tsallaka titi ɗaya saboda hannunsa ba takarda. Ya jawo kujera kusa da taga, ya buɗe jarida, yana karanta ta ta saman gefenta. Turaren ya zauna a kan madubi. Abincin rana ba ƙari. Mako ya wuce, wani ya bi shi.

Ranar da na dawo daga makaranta na ga an manna takarda a koriyar ƙofar nan, an rubuta "Za a ba da haya", jakata ta kusa faɗuwa. Na hau bene da gudu.

Gwaggo tana tsince wake a tire, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Kin gani ko? Mai Kwafi ta ce mini tun da har Mai Mita ya sayi tasa na'urar, to lokacin rufewa ya yi. Garin gyaran gira kin tsone ido, Lauya."

"Ni na tsone? Wa ya ɗaure masa ƙafa?"

"Kin ƙwace wa mutum sanda kin ce ya yi gudu."

"Ba gurgu ba ne, Gwaggo! Lafiyarsa ƙalau. Ku ne kuka yi ta lallaɓa shi, kowa ya yi shiru, kowa yana murmushi a bayan mayafi, har shirun ya zama masa gida. Da ban sayi Ɗan Hutu ba ma tafiya za ta yi, sai dai ta tafi da kwafin katinsa a jaka."

"To je ki faɗa masa."

Na je. Na faɗa masa duk wannan da ƙari. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Auta, ke yarinya ce. Mutum mai shekaruna ba ya shiga shagon mata haka kawai. Me zan ce na zo yi?"

"Gaskiya."

"A gaban masu jiran layi?"

"Baba, wane layi? Kai kaɗai ne layin."

Ya ɗaga jarida.

Bayan kwana biyu, da la'asar, wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar shagon. Ƙarti suka fito da ƙatuwar na'urar nan suna nishi, suka ɗora, suka ɗaure da igiya. Baba yana tsaye a taga, bai ko riƙe jaridar ba. Motar ta tashi, ya bi ta da ido har ta sha kwana. Ni kuwa na zura takalmi na sauka.

Na tarar da Mai Kwafi tana share gurbin da na'urar ta bari, wuri ɗaya fari tas a tsakiyar daɓen da ya daɗe da dafewa. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, don duk zafin kaina an koya mini gaisuwa.

"Mama, zan yi magana, ki yi haƙuri idan ta yi kaifi."

Ta ɗora tabarau a hanci. "Ke ce mai sayen na'ura."

"Ni ce."

"To faɗi."

"Kin san abin da ke kawo Baba shagon nan."

"Takarda."

"Mama."

Ta jingina da tsintsiya. "'Yar nan, ni mai shago ce. Wanda ya kawo takarda in yi masa kwafi. Wanda ya kawo magana in saurara. Ubanki takarda yake kawowa."

"Ke kuma kika yi ta karɓa. Shekara da shekaru ba ki taɓa ce masa, Malam, rediyon nan ba ya mutu ba? Ku biyu laifinku ɗaya. Shi yana jira, ke kina jira, yanzu mota ta zo ta ɗauke abin da kuke fakewa da shi. Titin nan faɗinsa ɗaya ne, ko daga can aka taso ko daga nan."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau.

"Bakinki ya girme ki," in ji ta. "Wa ya raine ki?"

"Gwaggo."

"Biri ya yi kama da mutum. Matsa mini in ƙarasa shara."

Na dawo gida ina huci. Na ce a raina shi ke nan, na yi iyakar yina, duk wanda ya ga dama ya tsufa a bakin taga.

Washegari Asabar, wajen ƙarfe goma, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gwaggo ta buɗe. Mai Kwafi ce, ta sha sabon mayafi, tana haki saboda matakala, da jakar leda cike da takardu a hannu.

"Sannunku da gida. An ce nan ake yin kwafi."

Baba ya zabura daga kujera, jarida ta watse a ƙasa. Singileti ce a jikinsa. Ya faɗa ɗaki, muka ji durowa ta faɗi, muka ji fesa turare har sau uku. Ya fito da riga da hula, maɓalli ɗaya ya tsallake raminsa.

"Mai shago. Lafiya?"

"Yau kai ne mai shago. Tawa na'urar ta tafi, ga shi mai gidan haya yana son kwafin takardar miƙa shago kafin in ba shi makulli. Da wasu 'yan takardu."

Gwaggo ta damƙe hannuna ta ja ni kicin, ta bar ƙofar a ɗan buɗe, ƙofar da ni na gyara. Muka jera ido a tsagar, ita a ƙasa ni a sama.

Baba ya zauna a gaban Ɗan Hutu, ya share gilashin da gefen rigarsa. Ya yi gyaran murya.

"Nawa za a yi?"

"Biyu."

"Gaba da baya?"

"Gaba kawai."

Ta zaro takarda ta farko ta miƙa masa. Daga inda nake na hango ta: takardar bayanin fanka ce. Ta biyu, shafin kalanda na bara. Ta uku, katin asibitin jikanta. Baba yana karɓa yana kifawa yana dannawa, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Takardar miƙa shagon tana kan cinyarta, ta bar ta a ƙarshe. Tana ɗaga ta ke nan sai Ɗan Hutu ya kunna ja.

"Me ya same shi?"

"Hutawa yake. Haka yake yi."

"Zai daɗe?"

"Yakan ɗan jima."

"To mu jira."

Falon ya yi tsit. A shagonta gurnanin na'ura ne ke cike musu shiru, ya karɓi takarda ya fita. Nan kuwa ba gurnani, ba ƙofar fita, gidansa ne. Baba ya dubi silin. Ya dubi ƙafarsa. Ya gyara zaman ƙunshin farar takarda da ba abin da ya same shi.

"Ana zafi," in ji shi.

Na buɗe baki zan yi ihu, Gwaggo ta toshe shi da tafin hannunta, wancan mai zobe.

"Ana yi," in ji Mai Kwafi.

"Can garin ɗanki ma an ce ana zafi."

"Haka aka ce."

"Ruwansu ma ba kyau. Na san wani da ya yi aiki a can. Bututunsu duk tsatsa."

"Allah sarki."

Baba ya sake duban silin. Jar fitila tana nan. Ban taɓa son wata fitila kamar yadda na so ta a lokacin ba. Ina roƙo a zuci, Ɗan Hutu, idan ka taɓa yin lalaci a rayuwarka, yau ce ranarka.

"Wannan fankar," in ji Baba, yana taɓa takardar farko, "tana aiki kuwa?"

"Ta mutu tun kafin rediyonka."

Baba ya ɗago. Ita ma ta dube shi ta saman tabarau, ba ta kau da kai ba.

"Ashe kin san ya mutu."

"Mai Mita, na haddace katinka na ritaya fiye da ranar haihuwar jikokina. Na san lambar da ke bayansa, ko da yake kullum gaba kawai kake cewa."

Ƙit. Kore.

Ta miƙa masa takardar miƙa shagon. Ya karɓa. Ya ɗaga marfi. Na ji Gwaggo ta daina numfashi a ƙarƙashina. Ya riƙe takardar a sama da gilashin, sannan ya sauke marfin a kan gilashi ba komai, ya mayar mata da ita.

"Wannan ba za a yi ba."

"Me ya sa? Ga shi ya kunna kore."

"Shi ya yarda. Ni ne ban yarda ba." Ya cire hula, ya mayar. "Ni dai ban iya magana ba, kin sani. Mita na iya. Amma takardun nan da nake kai miki, ba buƙatarsu nake ba. Suna can cikin durowa, sun cika ta, ɗazu ma ita ce ta faɗi. Ke nake zuwa gani. Idan kika tafi ban san abin da zan riƙa kallo ta tagar nan ba. Kada ki tafi. Ki zauna. Ba a shagon kawai nake nufi ba." Ya dube ta. "Aure nake nufi, idan ba ki gane ba."

"Na gane tun daga durowa."

"To me kika ce?"

Mai Kwafi ta ninke takardar biyu, ta sake ninkewa, ta fara fifita da ita. Ta dubi falon a hankali, labule, hoton yayyena, hannun Gwaggo da ake hangowa a jikin firiji. Sannan ta juyo da fuskarta daidai tsagar ƙofar kicin, inda idona yake.

"Bari dai a gani," in ji ta.

Ihun da na yi, mai gyaran taya ya ce ya ji shi daga tsallake. Na banko ƙofar, Gwaggo na rataye da zanena, ina cewa, "A ga me? Mama, a ga me kuma?" Ita kuwa dariya take har tabarau ya faɗo ya tsaya a igiyarsa. Baba ya dube ni, ya dube ta, sai shi ma ya fashe, irin dariyar da na manta yana da ita.

Takardar dai ba a yi mata kwafi ba. Da Mai Kwafi za ta tafi ta bar ta a kan tebur, a ninke, Gwaggo ta sa ta a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa, wani abin da aka daɗe ana jiran a gani. Da yamma Mai Kwafi ta kira ɗanta a waya. Kafin a rufe shaguna Baba ya sauka, ya tsallaka titi hannunsa ba komai, ya ɓamɓare "Za a ba da haya" daga koriyar ƙofa da farcensa.

Yanzu Ɗan Hutu yana shagon, a tsakiyar farin gurbin da ya fi ƙarfinsa, kamar ɗan tsako a kan tabarma. Na gaya musu ba don ciniki aka yi shi ba, na nuna musu inda aka rubuta, na ce su sayi babba kafin su kashe shi. Suka saurare ni tsaf, suka sa benci a ƙofa. Idan ya kunna ja, mai takarda ya zauna, Baba ya ba shi labarin bututu, Mama ta zuba masa ruwan sanyi.

Gwaggo ta ce haƙurinta ne ya dafa dutsen. Ban tsaya musu da ita ba, don na riga na karɓo mata kati a wurin likitan haƙori, ranar Litinin da safe, kuma na ɓoye takalmanta duka sai ƙafa biyun da za ta sa mu tafi.